Tsohon Mushe da Yaran Gungu

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, aka ba ni direktan wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye da ke kan hanyar Tanda, dab da bakin gulbi. Shekaruna talatin da 'yan kai a lokacin. Ranar da takardar ta fito na shiga kasuwar Gaya na sayi takalmi sau-ciki mai tsini, don a tunanina direkta ba ya zuwa aiki da silifas. Kwana uku na yi da shi, yashin ƙauyen ya koya mini hankali.

Ban jima da kama aiki ba aka kira mu Doso wani horo na mako guda. A can aka nuna mana yadda za mu riƙa tattara makin yara bayan kowace kompozisiyo, wato jarrabawar da ake yi a aji, mu jera su a babbar takarda, mu ga inda rauni yake, sannan mu tsara gyara. Yaron da ya yi ƙoƙari a shafa wa layinsa kore, na tsakiya rawaya, wanda ke can ƙasa ja. Wallahi abin ya shige ni. Kafin in hau motar dawowa sai da na sayi alƙaluma masu launi guda uku da wani dogon rula. Na dawo gida ba ni da zance sai na maki. Har mai ɗakina ta ce da ni wata rana, "Kai dai tun da ka dawo daga Doso, ina jin ko tuwona sai ka shafa masa ja ko kore."

Kuma in faɗi gaskiya, abin ya yi amfani da farko. Da na jera makin manyan yara na ga kusan dukansu a lissafin rabawa suke faɗuwa, abin da babu wanda ya lura da shi a da. Muka ware rabin awa kowace safiya don shi kaɗai, kafin wata biyu an ga bambanci. Wannan ya ƙara mini girman kai. Na fara jin cewa duk abin da ke damun lakwal ɗin nan yana cikin takardata, ni kuwa na iya karanta ta.

'Yan shekara ta biyu sun yi yawa, don haka an raba su kilas biyu, wato aji biyu. Ɗaya yana hannun wani matashin mushe, yadda muke ce wa malamin lakwal, sa'ana, mai tsabta da son aiki. Ɗayan yana hannun wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a lakwal ɗin, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Baba Mushe kowa ke ce masa, har iyayen yara. Siriri ne, ba ya da yawan magana, yana da wani tsohon keke da ba ya rabuwa da shi. Kilas ɗinsa na zana ne, a can ƙarshen fili kusa da giginyu. Yana jin Hausa da Dendi da Zabarmanci, har da ɗan Fulatanci.

Da na jera makin kilas biyun nan, sai na ga na matashin kore da rawaya, ja jefi-jefi. Na Baba Mushe kuwa kamar an yanka rago a kan takardar. Kompozisiyo ta biyu ma haka. Ga shi kuma ina da wani kaye, wato littafin rubutu, da nake rubuta lokacin zuwan malamai, shi ma ya nuna dattijon nan kusan kullum sai an buga ƙarfen shiga aji yake isowa, ƙafar wandonsa da laka. Sau biyu ko uku na gifta ta bayan zanarsa na ji yana yi wa yara bayani da Dendi, alhali faransanci ya kamata su ji. Na haɗa ukun nan a raina, na ce ai na gano cutar.

Ranar taron malamai na manna takardun biyu a jikin allo, gefe da gefe, gaban kowa. Har yau ina ganin kaina tsaye da dogon rulan nan ina nunawa. Na yi magana mai tsawo. Da na gama na ce, "Baba, ko kana da abin cewa?"

Ya jima yana kallon takardar. Sannan ya ce, "Direkta, aikin ya yi kyau. Amma ina roƙonka abu guda. Ka zo ka zamna cikin kilas ɗina wuni ɗaya, tun daga safe. Ko ma ka biyo ni tun daga gida."

Na ce, "Baba, duk yaran shekararsu ɗaya, littafinsu ɗaya, tambayoyin da aka yi musu ɗaya. Mi zan gani a kilas wanda bai fito a nan ba?"

Ya ce, "To, Allah shi kyauta."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran malaman suka sunkuyar da kai. Ni a lokacin na ɗauka sun yarda da ni ne.

Ban je ba. Kullum ina cewa gobe, kuma can cikin raina ina ganin babu abin da tsoho mai keke zai koya wa wanda ya yi mako guda a Doso.

Da mai duba makarantu ya zo zagaye, ansifekta kamar yadda muke ce masa, takardun sun burge shi ƙwarai. Ya ɗora yatsa kan jan nan ya ce in rubuto masa rahoto da abin da nake shirin yi. Na rubuta. Na sa makin, na sa kwanakin makara, na sa zancen Dendi. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. A ƙarshe na ba da shawarar a karɓe ajin daga hannunsa a ba wani. Ashe a lokacin ana neman malamin da za a tura wani ƙauye can bayan Karakara, inda babu mai son zuwa saboda nisa da munin hanya. Bayan 'yan makonni takarda ta iso, an yi wa Baba Mushe canji zuwa can, tsakiyar shekara.

Ban nemi a ɗauke shi daga garin ba. Na sha gaya wa kaina haka. Amma da takardar ta zo ban ce uffan ba, kuma ina da bakin cewa.

Ranar da zai tafi ya shigo ɗan ofishina, ya cire hula ya mayar, ya ajiye mini wani ƙaramin makulli a kan tebur.

"Na akwatin ƙarfen da ke kilas ne. Akwai 'yan kaye-kaye a ciki. In ka samu sarari ka duba, ko ka ba wanda zai karɓi yaran."

Na ce, "To Baba, Allah shi kiyaye hanya." Na jefa makullin cikin aljihun tebur.

Aka ɗaure kekensa a bayan wata amalanke tare da tabarma da buhun hatsi. Iyalinsa ya bar su a ƙauyen, don ya ce ba zai kai su inda bai san ruwan shansu ba.

Aka turo mana wata matashiyar madam, wato malama, daga birni, mai ƙwazo ƙwarai, sai dai ko gaisuwa ba ta iya da Dendi ba. Ni kuma na kafa sabuwar doka cikin shirina na gyara: duk yaron da ya zo bayan an buga ƙarfe, ya durƙusa a bakin kilas har a fita shan iska. Makara ta ragu. Kompozisiyon ƙarshen shekara ta zo, ja ya ragu. Shekara ta zagayo, ja ya ƙara raguwa, har ajin ya kusa kamo ɗan'uwansa. A wani taron direktoci da aka yi a Gaya aka kira ni gaba, aka ce in nuna wa sauran yadda na yi. Aka tafa mini. Na biya na sayi balangu na kai gida, na ce wa mai ɗakina yau mijinki ya fita kunya.

Wata Asabar da hantsi, bayan wannan taron da kamar mako biyu, na gangara bakin gulbi sayen kifi. A tsakiyar ruwan akwai wani gungu, tsibiri ke nan, inda masunta ke zaune, kuma nan mashigar ce jiragensu ke tsayawa. Na tsaya gaban wata mata mai bandar kifi. Tana ƙulla mini a takarda tana kallona, can ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Kai ne babba na lakwal?"

Na ce ni ne.

"Ina tsohon nan mai keke? Ba shi dawowa?"

Na ce an yi masa canji, ya yi nisa.

Ta girgiza kai. "To shi ya sa."

Na ce, "Shi ya sa mi, Inna?"

Ta nuna mini wani kututturen giginya a bakin ruwa. "Nan yake tsayawa kowace safiya. Jirgi ba ya tashi da yara sai maza sun dawo daga duba taru, don jirgin guda ne. In sun iso sai ya ƙirga su, ya ɗauki ƙananan ya haye laka da su, ya kora su gaba har lakwal. In ruwa ya yi ƙarfi ba su zo ba, da marece shi ke shiga jirgi ya same su can, ya yi musu karatu ƙarƙashin rumfa." Ta miƙo mini kifin. "Yanzu in sun je sai a ce su durƙusa. Ɗiyata ta ce ita ba ta jin abin da madam ke cewa, gwiwarta kuma ta gaji. Ubanta ya ce ta zamna gida."

Na tambaye ta yara nawa ne suka zauna gida. Ta yi 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba. "Kai da ke da takarda kake tambayata?"

Ban koma gida da kifin ba. Na wuce lakwal kai tsaye, babu kowa sai awaki a fili. Na ɗauko rajistar kiran suna ta bara da ta bana, na aza su gefe da gefe. Yaran gungu goma sha tara ne a ajin Baba Mushe ranar da ya tafi. Huɗu suka rage. Kuma da hannuna na ɓatar da sawunsu, don duk yaron da bai zauna kompozisiyo ba, ba na sa sunansa a sabuwar takarda, tunda ba shi da makin da zan shafa wa launi. Jan da nake murnar ya ragu, ba karatu ya koya ba. Tafiya ya yi.

Sai a lokacin na tuna da makullin. Na same shi a ƙasan aljihun tebur, cikin guntayen alli. Akwatin na nan inda ya bar shi, madam ta mai da shi wurin aza tulun ruwa. Na buɗe. Kaye ne sun fi ashirin, an ɗaure su da tsumma, shekara-shekara. Kowane yaro da shafinsa. A sama sunansa da na ubansa da inda yake tasowa, a ƙasa kuma 'yan layuka da bik, wato biro, wani da faransanci, wani da Hausa. Wannan ya zo bai iya riƙe alli ba, yau ya rubuta baƙi biyar. Wannan ba ya cin komai da safe, kada a tambaye shi lissafi kafin shan iska. Wannan ba ta gani daga nesa, a zaunar da ita gaba, ta fara haɗa baƙi biyu. Daga baya na gane ɗiyar mai kifin nan ce. Kowane wata yana komawa kan kowane yaro ya rubuta inda ya kai. Yaran da na shafa wa ja, da yawansu sun yi tafiyar da 'yan layin kore ba su yi rabinta ba, sai dai daga can nesa suka taso.

Na zauna a ƙasa cikin zanar nan har aka kira azahar.

Ran Litinin na kira matashin mushen nan na tambaye shi yadda ake raba yara tsakanin kilas biyun. Ya ɗan sosa ƙeya. "Direkta, ai 'yan gungu da 'yan rugga duk Baba ake ba. Haka muka tarar. Shi ke cewa a ba shi, tunda shi ke jin bakinsu."

Na ce, "Don mi ba ka faɗa ba ranar taro?"

Ya ce, "Ba ka tambaya ba. Kuma yadda ka riƙe rulan nan, wa zai yi magana?"

Na soke dokar durƙuso a ranar. Na nemi wani dattijo mai jin Dendi ya raka ni, muka shiga jirgi muka haye gungu. Sun karɓe ni da mutunci, suka shimfiɗa tabarma, suka kawo ruwa. Na yi bayani, na ba da haƙuri, na yi alkawari. Wani uba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Direkta, mun ji. Amma yaron ya fi shekara yana fita ruwa da ni, hannunsa ya faɗa. In ya koma yanzu, da ƙannensa za ka haɗa shi aji. Ba zai yarda ba, ni ma ba zan tilasta shi ba." Na je gungun sau huɗu. Yara biyar suka dawo, biyu daga ciki suka sake bari kafin damina. Ɗiyar mai kifi ba ta cikin waɗanda suka dawo, ta riga ta fara bin uwarta kasuwa.

Na rubuta takarda ina roƙon a maido mana Baba Mushe. Aka ce an gama rabon wurare, kuma 'yan watanni suka rage masa. Ya kamata in hau babur in je in same shi a can. Kunya ta hana ni. Ya yi ritaya, ya zo ya kwashe iyalinsa lokacin hutu ina Gaya, suka koma garinsu na asali wajen Bengu. Sai da na ji labarin ɓarin jikinsa ya shanye, sannan na sayi goro da sukari na kama hanya.

Na same shi da hantsi a zaure, an jingina shi da bango. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, amma idonsa na nan. Matarsa ta kawo ruwa ta ajiye, ta amsa gaisuwata a gajarce ta koma ciki. Ban ga laifinta ba.

"Direkta," ya ce, maganar na fita da ƙyar. "Kai ne da kanka? Ina yarana?"

Na fara jero abin da na shirya tun a hanya, ya ɗaga hannun da ke motsi ya tsai da ni. Sai ya shiga kiran sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, da sunan uba, bai tsallake ko guda ba. Kowane ya kira sai ya jira. Ni kuma ina amsawa. Yana nan. Ya bari. Ya bari. Ta bari. Ya tafi Malanbil wajen kawunsa. Ya bari. Da ya zo kan ɗiyar mai kifi na yi niyyar in yi masa ƙarya, don na ga yadda ya gyara zama. Bakina ya ƙi.

Na ce, "Ta bari, Baba."

Ya ce, "Saura mata kaɗan fa. Da ta samu wata uku, da ta karanta."

Na ce, "Baba, na zo ne ka yafe mini. Ni na rubuta rahoton."

"Na sani. An nuna mini shi." Ya goge bakinsa da gefen riga. "Ba ka yi mini ƙarya ba a ciki. Yarana su ne na baya, ina makara, ina magana da Dendi. Duk haka ne. Abin da ya rage shi ne ka taka ka zo ka ce, Baba, don mi? Daga ofishinka zuwa zanata taki nawa ne?"

Sannan ya ci gaba da cewa:

"Nawa na yafe tun ina kan amalanke. Ni ba ka hana ni komai ba, na ƙare aikina, ga ni cikin dangina. Na yaran kuwa ba ni da ikon yafe shi, ba nawa ba ne."

Ya sa aka kawo mini fura. Na sha don kada ya ji babu daɗi. Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce in gai da madam, in ce mata ta koyi ko gaisuwa ce da Dendi, yara na son haka. Bai kai buɗewar lakwal ta gaba ba, Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ina aikin nan, a wata lakwal daban, kuma ban daina tattara maki ba. Wanda ya ce a watsar da shi bai taɓa riƙe aji mai yara tamanin ba. Sai dai yanzu sunan yaro ba ya fita daga takardata don ya daina zuwa, yana nan har sai na san inda ya shiga. Ina rubuta inda yaro ya fara kafin in dubi inda ya kai. Kuma ba na sa hannu a kan rahoton wani malami sai na wuni a ajinsa. Matasan direktoci kan ce ina da sanyin jiki. Ba na musu da su. Sai dai in kun ji ana cewa mutum ya koyi darasi, ku tambaya wa ya biya kuɗin karatun. Ni na koya, amma ba a jikina aka koya mini ba. Yara goma sha biyu ne suka ɗauki nauyin, kuma babu wanda ya nemi shawararsu.

Bara na kai ƙaramin ɗana likita a Gaya. Muna zaune kan benci muna jiran layi, wata matashiya da goyo ta matso kusa, tana ta kallona. Can ta washe baki. "Direkta! Ba ka gane ni ba? 'Yar gungu ce ni, ajin Baba Mushe." Murna take yi da gaske, kamar ta ga ɗan'uwa. Ta tambayi iyalina, ta tambayi Baba, na gaya mata ya rasu, ta yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da katin rigakafin jaririn, a ninke huɗu.

"Don Allah duba mini, wace rana aka ce in dawo da shi? Sun faɗa da sauri, ban riƙe ba."

Na karanta mata. Ta ce in maimaita don ta riƙe a ka. Na maimaita mata sau uku.